Ta yaya gida zai rage sharar da yake aikawa juji?

Tambaya: Mu bakwai ne a gidana, kuma kwandon shararmu ba ya kwana uku bai cika ba. Na daɗe da fara ware robobin ruwa da gwangwanaye a buhu daban, amma ban ga sharar ta ragu yadda na zata ba. Me ya kamata in yi domin abin da muke aikawa juji ya ragu da gaske?

Amsa: Malam, matakin da ka ɗauka yana da kyau, sai dai ka kama sharar ta ɓangaren da ya fi ɗaukar ido, alhali nauyinta yana wani wurin. Robar ruwa da gwangwani da kwali suna cika kwando da wuri saboda cikinsu iska ce, amma idan aka ɗora sharar gida a kan sikeli, abin da yake rinjaye shi ne wanda ya fito daga ɗakin girki da tsakar gida: ɓawon kayan lambu, ragowar abinci, abin da ya lalace kafin a kai ga dafa shi, da ganye da ciyawa. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a shekarar 2018 ya nuna cewa a 2016 sharar gidaje da birane ta duniya ta kai tan biliyan 2.01, kuma kashi 44 cikin 100 nata abinci ne da tsirrai, takarda da kwali suna da kashi 17, roba da leda kuma kashi 12. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kason abinci da tsirrai ya haura rabi. Saboda haka wanda ya ware robobinsa kaf amma ya bar ragowar abinci yana tafiya juji, ko rubu'in matsalar bai taɓa ba. Shawarata ita ce ka raba jiƙaƙƙiyar shara da busasshiya tun daga inda ake girki, ka hana jiƙaƙƙiyar fita daga gidanka gwargwadon iko, daga nan sai ka waiwayi abin da kake sayowa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ragowar abinci ba abin damuwa ba ne tunda zai ruɓe ya koma ƙasa. A juji al'amarin ba ya tafiya haka. Ana jibge shara bisa shara, nauyin ta sama yana danne ta ƙasa har iska ta daina ratsa ta, kuma ƙwayoyin halittar da ke cin abinci a inda babu iska suna fitar da tururin da kusan rabinsa iskar metan ce, sauran kuma iskar kabon. Metan tana riƙe zafi a sararin samaniya fiye da iskar kabon kamar sau 28 idan aka auna a tsawon shekara 100, idan kuwa shekara 20 aka ɗauka sai ta kai kusan sau 80. Tana kuma kama wuta, wanda shi ya sa za ka ga juji yana hayaƙi watanni ba tare da wani ya cinna masa ashana ba. Bayan iskar akwai ruwan. Danshin da ke jikin abinci yana haɗuwa da ruwan sama ya tsiyayo ta cikin tarin, ya kwaso gubar batura da fenti da magunguna, ya fito baƙi mai wari, kuma idan ba a shimfiɗa wa jujin kariya a ƙasa ba, ƙarshensa rijiyoyi da ƙoramu. Jujin zamani yana da shimfiɗar yumɓu da ta roba mai kauri, da bututun da ke janye ruwan da iskar, amma wancan rahoto ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na sharar duniya a fili kawai ake zubar da ita. Tarin da ya jiƙe ya cika da iskar metan yakan zame kuma. A watan Yulin 2000 jujin Payatas da ke kusa da Manila ya rufta ya kashe sama da mutum 200, a watan Maris na 2017 na Koshe da ke Addis Ababa ya hallaka sama da 100, kuma a watan Agustan 2024 na Kiteezi a Kampala ya binne gidaje da mutanen ciki.

Kafin ka canza komai, ka san abin da ke cikin kwandonka, domin abin da mutum ke zato game da shararsa ba kasafai yake dacewa da gaskiya ba. Wani masanin binciken kayan tarihi da ake tonowa daga ƙasa a Jami'ar Arizona ta Amurka, William Rathje, ya fara wani bincike a 1973 inda ɗalibansa suke zazzage sharar gidaje suna aunawa, suka kuma gano cewa abin da mutane ke faɗa a baki game da yawan abincin da suke zubarwa ya yi ƙasa da abin da ake tararwa a kwandunansu. Da suka shiga haƙa manyan jujuna daga baya, sai suka riƙa ciro jaridun da suka shekara gommai a binne ana iya karanta su sarai, har da abincin da ake iya gane shi, wanda ya tabbatar da cewa ruɓewa a juji tafiyar hawainiya take yi. Ka ɗauki mako guda ka yi naka ƙaramin binciken. Ka tanadi bokiti mai murfi domin duk abin da ke ruɓewa, da buhu domin takarda da kwali, da wani domin roba da leda da kwalba da ƙarfe, da wani domin abin da bai shiga ko'ina ba, ka riƙa auna kowanne da yamma kana rubutawa. A cikin bokitin ma ka lura da bambanci tsakanin abin da dole a zubar, kamar ɓawon ƙwai da ƙashi, da abin da aka saya domin a ci amma ba a ci ba. Wannan kaso na biyun shi ne wanda ya kamata ya fi damunka, domin kuɗinka ne kai tsaye.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a shaguna da gidajen abinci da gidaje, kuma kashi 60 cikin 100 nasa daga gidaje ya fito, wato kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin ƙarfi a wannan fanni ba ta da yawa. Idan muka ɗauki wannan ƙiyasi a kan gida mai mutum bakwai, ana maganar sama da rabin tan ke nan a shekara. Dalilan kuwa sanannu ne: ana sayen abin da ya fi ƙarfin ma'ajiyar gida, ana dafa abin da ya fi cikin masu ci, sabon da aka sayo yana rufe tsohon da ke baya har a manta da shi. Maganinsu ba ya buƙatar wata na'ura. A duba abin da ke gida kafin a fita cefane, a sayi kayan da ke saurin lalacewa kaɗan-kaɗan, a jawo tsoho gaba a tura sabo baya, a kuma tsayar da ma'auni guda na hatsi ga kowane mutum maimakon a riƙa ɗiba da ido. Wajen rabo, a zuba kaɗan wanda bai ƙoshi ba ya ƙara, domin abin da ya rage a tukunya ana iya adana shi, wanda ya rage a faranti kuwa ya riga ya zama shara. Inda akwai firji, sanyinsa kada ya wuce digiri 5, kuma ragowar abinci ya shiga ciki cikin sa'o'i biyu da saukewa. Ayaba da tuffa da tumatir suna fitar da wata iska da ke gaggauta nunar abin da ke kusa da su, saboda haka a nisanta su da ganyaye. Akwai kuma rikicin kwanan wata da ke jikin kaya: wani rubutun yana nuna ranar da ingancin kaya zai fara raguwa ne kawai, irin wanda ake gani a busassun kaya da na gwangwani, wani kuma yana nuna ranar da cin abin zai zama haɗari, irin na nama da kifi da madara. Na biyun ba a wasa da shi, amma na farkon ana iya dubawa a shinshina kafin a yanke hukunci, kuma abinci mai yawa yana tafiya juji ne saboda rashin bambance su.

Abin da ya rage bayan wannan, wato ɓawo da ganye da makamantansu, taki ne da bai nuna ba, kuma a nan ne za ka ga kwandonka ya yi sauƙi a cikin mako guda. Haɗa taki ya dogara ne a kan abu huɗu: ɗanyen kaya, busasshen kaya, iska da danshi. Ɗanyen kaya shi ne ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen shayi, ɗanyar ciyawa da kashin dabbobi masu cin ciyawa, kuma shi ke kawo sinadarin naitirojin. Busasshe shi ne busasshen ganye, kara, garin katako da yagaggen kwali marar leda, shi kuma yana kawo kabon. Masana suna neman kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30, amma a gida ba sai ka yi wannan lissafi ba. Duk lokacin da ka zuba kwano ɗaya na ɗanye, ka rufe shi da kwano biyu ko uku na busasshe. Ka zaɓi wuri mai inuwa a kan ƙasa, ka fara da shimfiɗar kara ko ƙananan itatuwa domin iska ta shiga ta ƙasa, sannan ka riƙa jerawa. Danshin da ake so shi ne na tsumman da aka matse: idan ka damƙi takin a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, to ya yi daidai, idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu ya yi yawa, idan ya wargaje ya yi kaɗan. Tarin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi yakan ɗau zafi cikin 'yan kwanaki har ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda ya isa ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, kuma idan ka tura hannu tsakiyarsa da safe za ka ji ɗumin, wani lokaci har ka ga tururi yana tashi. A riƙa juya shi da cokalin haƙa ko shebur duk mako ɗaya ko biyu, na gefe ya koma tsakiya. Wanda ake kula da shi haka yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku, wanda aka bari ya yi da kansa kuma yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, kuma alamar nunarsa ita ce ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, ya daina ɗumi, ya riƙa ƙanshin ƙasa.

Yawancin waɗanda suka fara suka daina, wari ne ya kore su, alhali warin yana faɗa maka abin da ya ɓaci ne. Idan ka ji wari mai hawa kai irin na fitsari, ɗanyen kaya ya yi yawa, sai ka ƙara busasshe. Idan ka ji irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ta toshe, sai ka juya shi ka cusa kara ko kwali. Idan ƙudaje suka taru, an bar ɗanyen kaya a buɗe ne. Ɓeraye kuwa nama da kifi da mai da dafaffen abinci ke jawo su, shi ya sa ba a sa waɗannan a buɗaɗɗen tari, haka nan kashin kare da na kyanwa saboda cututtukan da ke cikinsu. Ni dai a ganina, babban sirrin aikin shi ne mutum ya tanadi buhun busasshen ganye ko yagaggen kwali a gefen tarin tun kafin ya fara, domin ɗanyen kaya kullum yana zuwa da kansa, busasshen ne ake rasawa a lokacin da ake buƙatarsa.

Wanda ba shi da fili ma yana da hanya. Idan akwai ɗan wurin shuka komai ƙanƙantarsa, ana iya haƙa rami mai zurfin santimita 30, a zuba ɓawon, a rufe da ƙasa, bayan wata biyu a yi shuka a kai. Akwai hanyar da ta samo asali daga Japan da ake kira bokashi, inda ake danna ragowar abinci a bokiti mai rufuwa ruf, ana barbaɗa masa dusar da aka haɗa da ƙwayoyin tsami, ya yi mako biyu yana tsima kafin a binne shi. Ita wannan tana karɓar har dafaffen abinci. Akwai kuma kiwon tsutsar taki a akwati, sai dai tsutsar ba ta jure zafin da ya wuce digiri 30, don haka ba kowane yanayi ya dace da ita ba. Idan duk waɗannan ba su yiwu ba, a nemi mai lambu ko mai kiwo a kusa da zai riƙa karɓar ɓawon kayan lambu mai tsabta, tare da kiyaye cewa ƙasashe da dama sun hana ciyar da dabbobi ragowar abincin da nama ya taɓa, tun bayan annobar ciwon baki da kofato da ta afka wa dabbobin Birtaniya a 2001.

Raba jiƙaƙƙe da busasshe yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Kwalin da miya ta zuba a kansa, ko takardar da ta sha mai, ba mai saye, kuma masana'anta ba ta karɓa. Robar da ta kwana cikin ruɓaɓɓen abinci sai an kashe ruwa da sabulu kafin ta yi amfani, kuma sau da yawa masu tsintar kaya a juji sukan wuce ta. Da zarar jiƙaƙƙiyar shara ta fita daga kwandon, sauran kayan suna zama da daraja, ba sa wari, kuma za su iya jira makonni kafin a zo ɗauka.

Yanzu sai batun sake sarrafa kaya, wanda a nan ne ka fi ba da ƙarfi. Ka ci gaba da yi, amma ka san iyakarsa. Gwangwanin alminiyam shi ne gwarzo a wannan fage, domin narkar da tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen ƙera sabo daga ma'adini, kuma ana iya maimaitawa ba iyaka. Haka ƙarfe da kwalba ba sa rasa ingancinsu. Takarda tana jure zagaye biyar zuwa bakwai kafin zarenta ya gajarce. Roba ce mai wuyar sha'ani. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga cikin tan biliyan 6.3 na sharar roba da duniya ta samar zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, an ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuma suna juji ko suna warwatse a ƙasa da ruwa. Lambar da kake gani cikin alamar kusurwa uku a gindin roba, daga 1 zuwa 7, tana nuna nau'in robar ne kawai, ba ta yi maka alkawarin cewa akwai mai sarrafa ta ba. Lamba 1, wato robar ruwan sha da lemo, da lamba 2, ta jarkoki da robobin sabulun ruwa, su ne ke da kasuwa kusan ko'ina. Lamba 5 tana samun karɓuwa a wasu wurare. Lamba 3 da 6 da 7 kuwa da wuya. 'Yan ƙananan fakitin da aka manne leda da takardar alminiyam a jikinsu, irin na garin sabulu da kayan sha, kusan babu abin da ake iya yi da su. Ƙasashe masu arziki sun daɗe suna lulluɓe wannan gaskiya ta hanyar tura sharar robarsu China, har zuwa farkon 2018 lokacin da China ta rufe ƙofa, sai ga kaya sun taru a tashoshin ruwa babu mai so. Abin da ya dace ka yi shi ne ka tambayi wanda ke karɓar kayanka, ko kamfani ne ko mai bi gida-gida yana saye, ainihin abin da yake ɗauka, ka ware masa wannan kaɗai, a ɗauraye a bushe a kuma taushe. Jefa abin da ba a karɓa cikin buhun da fatan ko za a dace yana ɓata sauran kayan ne.

Tunda haka ne, hukuncin yawancin busasshiyar shara a wurin saye ake yanke shi. Dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ta jera matakai biyar bisa fifiko: hana sharar samuwa, sake amfani da kaya, sake sarrafawa, ciro makamashi, sannan zubarwa a ƙarshe, kuma wannan jeri ya dace da gida kamar yadda ya dace da ƙasa. Abin da gida ke amfani da shi kullum kuma ba ya lalacewa, kamar sabulun wanki da hatsi, a saye shi a babban mazubi guda maimakon ƙananan fakiti hamsin. Inda ake karɓar kwalba a mayar da kuɗin ajiya, a fifita ta; Jamus ta ɗora irin wannan tsari a kan robobi da gwangwanayen sha a 2003, kuma yanzu sama da kashi 90 cikin 100 nasu suna komawa. A riƙe jakar cefane da gorar ruwa da mazubin abinci masu ɗorewa. A nan akwai tarkon da nake so ka kiyaye: kayan da ake maimaita amfani da su ba sa biyan bashin ƙera su sai an daɗe ana moransu. Hukumar muhalli ta Ingila ta lissafa a 2011 cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin tasirinta ga ɗumamar yanayi ya yi ƙasa da na ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya. Wanda ya tara jakunkuna goma sha biyu a bayan ƙofa yana fita ba tare da ko ɗaya ba, an gudu ba a tsira ba. Haka nan ledar da aka rubuta wa cewa tana ruɓewa: da yawa daga cikinsu sai a masana'antar taki mai tsananin zafi suke narkewa, wasu kuma farfashewa kawai suke yi su zama ɓurɓushin roba.

Tufafi da kayan ɗaki ba sa fitowa kullum, amma ranar da suka fito suna da nauyi. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na zaren tufafi ake mayarwa sabon tufafi, saboda yawancin yadi gauraye ne na auduga da zaren roba da ke da wuyar rabawa, don haka hanyar da ta rage ita ce gyara, da bayarwa tun kayan suna da sauran amfani, da mayar da wanda ya mutu tsumman goge-goge. Idan akwai jariri a gidan, kunzugun zamani zai iya zama kaso mafi girma bayan abinci, kuma ba ya shiga taki ba ya shiga sarrafawa. Na yadi da ake wankewa yana rage wannan sosai, amma yana cin ruwa da sabulu da lokacin mai wanki, saboda haka gidaje da yawa sukan raba: na yadi da rana a gida, na zubarwa da dare da lokacin tafiya. Wannan shawara ce da ya kamata wadda wankin zai hau kanta ta sa baki a ciki kafin a yanke.

Kada ka rage sharar ta hanyar ƙona ta. Wutar tsakar gida ba ta da zafin da zai cinye roba gaba ɗaya, kuma hayaƙinta, musamman idan akwai roba mai lamba 3 a ciki, yana ɗauke da gubar dayoksin da ke sauka a ƙasa, ta shiga jikin kaji da dabbobi, ta taru a kitse da ƙwai da madara. Sharar da ta tafi juji ta fi wadda ta shiga huhun yara sauƙi.

Ya kamata kuma in faɗa maka cewa akwai iyakar abin da gida ɗaya zai iya, domin wuraren da suka yi nisa a wannan fanni tsari ne ya kai su. Koriya ta Kudu ta fara cajin shara bisa yawanta a 1995, ta hana binne ragowar abinci a juji a 2005, sannan daga 2013 ta wajabta biyan kuɗi gwargwadon abincin da gida ya zubar, har a wasu gine-gine akwai kwandunan da ke auna nauyi su caje katin mai gida; a yau sama da kashi 90 cikin 100 na ragowar abincin ƙasar ana mayar da shi taki ko abincin dabbobi ko iskar gas. Ƙaramin garin Kamikatsu na Japan ya ɗauki alkawarin kawar da shara a 2003, mazaunansa suna raba ta gida sama da 40, kuma duk da wannan himma sun tsaya ne a wajen kashi 80 cikin 100, saboda akwai kayan da tun daga masana'anta aka ƙera su ba tare da hanyar dawowa ba. Don haka kada ka sa wa iyalinka burin kwando fanko, domin zai gajiyar da su su watsar da komai. Gidan da ya cire abinci da ɓawo, ya ware abin da ke da mai saye, ya kuma gyara cefanensa, zai iya wayar gari abin da yake fitarwa bai kai rabin na da ba, kuma sikelin da ka yi amfani da shi a makon farko shi zai nuna maka hakan bayan wata biyu.

Akwai wasu kaya 'yan kaɗan da nauyinsu bai taka kara ya karya ba amma haɗarinsu ya fi na sauran duka, kuma waɗannan ba sa shiga kowane buhu. Batirin waya da na fitila mai caji yana kama wuta idan aka matse shi ko aka huda shi, kuma gobara da yawa a motocin shara da wuraren tantance kaya daga gare shi take tashi. A rufe bakinsa da salatif, a ajiye a busasshen wuri har a sami mai karɓa. Batirin mota da wasu na sola dalma ce da ruwan asid, a mayar da shi ga mai sayarwa, kada a fasa shi a gida. Dogon ƙwan fitila mai farin haske yana da sinadarin makuri, don haka a kiyaye fashewarsa. Tsofaffin wayoyi da kayan lantarki sun kai tan miliyan 62 a duniya a 2022, kuma ƙasa da rubu'insu aka tattara ta hanyar da ta dace, alhali da yawansu gyara kaɗan suke buƙata. Maganin da ya wuce lokacinsa a tambayi kantin magani ko asibiti ko suna karɓa, kada a zuba shi a masai ko magudana. Fasasshiyar kwalba da reza kuma a naɗe su cikin kwali mai kauri a ɗaure, allura a saka ta a roba mai tauri a rufe bakin, a rubuta a jiki, domin a wurare da yawa da hannu ake tantance shara, kuma mai wannan aiki ba ya ganin abin da ke cikin leda sai ya damƙe ta.